Kwikwiyo Nawa Za a Bari? Tarihin Karen Azawak daga Zango zuwa Turai

A ƙasar Azawak, arewa da Tawa, akwai wata shawara da mai zango yake yankewa kusan kowace shekara, wadda ba a kiran taro dominta, ba a kuma rubuta ta a ko'ina. Idan damina ta wuce, sanyi ya fara shigowa, karyar zango takan ɓace na ƴan kwanaki, sa'an nan yara su gano ta cikin ramin da ta tona a gindin aduwa ko magarya, kwance da ƴaƴa biyar ko shida. Zangon kuwa yana da karnukansa tun da fari, biyu ko uku, kowane da wurin kwanciyarsa da rabonsa na nono. Tambayar da ke gaban mai gida ita ce: cikin sababbin nan, nawa za a bari? Amsar da matafiya da masu bincike suka riƙa tararwa a zangunan Abzinawa ba ta cika wuce ɗaya ba, wani lokaci biyu, wata shekarar kuma ko ɗaya ba a bari. Wannan ɗan lissafi, da aka yi ta maimaitawa ɗaruruwan shekaru a dubban zanguna, shi ya ƙera karen da duniya ta sani da sunan Azawak, kuma duk wanda ya bi diddigin yadda amsar ta yi ta sauyawa zai ga tarihin yankin kansa.

Azawak tsohon kwari ne na wani babban kogi da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Ruwansa yakan taso daga duwatsun Abzin da na Ahaggar da na Adrar, ya gangaro ta Dallol Boso ya faɗa kogin Isa. Yau fili ne na ciyawa da rairayi da rijiyoyi masu zurfi, wanda iyakar Nijar da Mali ta raba biyu: Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya a wannan ɓangare, Menaka da Andarambukan a wancan. Mazaunansa su ne Abzinawan Iwillimmidan da ƙabilun da ke tare da su, da Larabawan Azawak, da Fulani Wodaɓe. Dukansu makiyaya ne, dukansu kuma suna riƙe karnuka.

Bahaushen birni da ya fara ganin karen nan yakan ɗauka yunwa ce ta kama shi. Dogo ne, tsayinsa ya fi tsawon jikinsa, ƙirjinsa mai zurfi, cikinsa a shafe, haƙarƙarinsa da ƙasusuwan kwankwasonsa a bayyane, gashinsa gajere ƙwarai har cikin ya kusa zama tsirara. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Mace kuwa kilo 15 zuwa 20. Ramar nan halittarsa ce, ita ke taimaka masa ya yi gudu cikin zafin da zai kayar da karen Turai. Gudunsa yakan kai wajen kilomita 60 a awa. A harshen Tamajak kowane kare "idi" ne, amma wannan siriri mai farauta da ido yana da sunansa na daban, "oska", kuma ba a haɗa darajarsu.

Zamansa a yankin ya daɗe. A Cin Tafidat, wani tsohon mazauni da ke yamma da Ingal, masu binciken kayan tarihi, cikinsu har da François Paris, sun tono kaburburan mutane da na shanu, tare da ƙasusuwan karnuka da aka binne da gangan fiye da shekaru 3000 da suka wuce, kuma ƙirar karnukan ta yi kama da ta dogayen karnukan farauta. Ba a binne abin da ba a damu da shi ba. Tun lokacin da kwarin yake da tafkuna da kifi, makiyayin Azawak da saniyarsa da karensa suna tare.

To, mene ne mai zango yake aunawa idan ya tsuguna bakin ramin nan? Na farko abinci ne. Karen zango yana cin abin da mutanen zango suke ci, wato nono da tuwo ko kunun hatsi. Nama sai ranar yanka ko ranar da farauta ta yi kyau. Kare mai kilo 20 da ke yawo dare da rana yana bukatar abin da ya kai kimanin giram 300 na hatsi a yini, ko nono lita ɗaya da rabi ko fiye. Idan aka tara, tiya ɗaya ba ta wuce masa kwana takwas ba, a shekara kuwa buhu guda ne mai kilo 100 har da ɗoriya. Ma'aunin da hukumomin ƙasa suka daɗe suna aiki da shi ya ƙiyasta wa makiyayi ɗaya kilo 200 na hatsi a shekara. Ke nan kare guda, in za a ƙosar da shi, rabin mutum ne a bakin tukunya. Gaskiya ne ba a cika ƙosar da shi ba, yakan cike gibin da gafiya da ƙadangare da abin da ya tsinta, amma ko rabin wannan adadi nauyi ne ga wanda ba ya noma. Makiyayi sayen hatsi yake yi, da kuɗin akuya ko ɗan maraƙin da ya kai kasuwar Abalak ko ta Tawa, kuma ya san cewa da bazara dabba takan faɗi, hatsi ya hau. Kwikwiyon da aka haifa cikin sanyi, lokacin da nono bai ƙare ba, zai kai ganiyar cinsa daidai watannin da shanu suka ƙafe, yara suna kuka, ana kwana a bakin rijiya. Mai zango ba ya duban kwaryar da ke gabansa ranar haihuwa, ta watan Mayu yake hange.

Na biyu aiki ne. Turawa sun fi sanin karen nan da farauta, amma a zango babban aikinsa tsaro. Shi ke kwana tsakanin tanti da garke, shi ke jin kura ko dila tun suna nesa, shi ke tare baƙo kafin ya iso inda mata suke. A wannan aiki kare ɗaya bai isa ba. Kura ba ta shakkar kare guda, kuma dila ya iya wayon jan hankalin mai tsaro zuwa gabas alhali ɗan'uwansa yana ɗaukar ɗan akuya ta yamma. Saboda haka akwai adadin da bai kamata zango ya gaza ba, kamar yadda akwai wanda bai kamata ya wuce ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce. Zango mai awaki da tumaki da yawa yana bukatar karnuka fiye da mai raƙuma zalla, domin ƙananan dabbobi su namun dawa suka fi ɗauka.

Sai kuma shekaru. Hausawa sun ce karen bana shi ne maganin zomon bana, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar nan. Karen da ke kama barewa da ƙafa yana da ƴan shekaru kaɗan na cikakken gudu. Ƙaya da duwatsu da karaya da cizon maciji suna rage su. Kwikwiyo kuwa ba ya koyon farauta daga mutum kamar yadda yake koyonta daga manyansa: yana bin su a baya, ya ga yadda ake kewaye zomo, yadda ake gajiyar da barewa, yadda ake riƙe ta har mai gida ya iso da wuƙa. Wanda ya jira sai tsohon karensa ya mutu kafin ya ɗauki sabo ya yi asarar malami. Don haka lokacin ƙara kare shi ne lokacin da babba yake da sauran ƙarfi amma an fara ganin alamar sanyinsa, kuma mai zango da ya san karnukansa yakan gane wannan shekara kamar yadda yake gane shekarar da ya kamata ya bar sabon bijimi a garke.

Akwai kuma zaman lafiyar karnukan da kansu. Karnukan zango suna da manya da ƙanana, kowa ya san wanda ke fara cin abinci. Sabon da ya tashi a cikinsu tun yana jariri yakan sami gurbinsa ba tare da jini ya zuba ba, amma baligin da aka kawo daga waje sai an yi faɗa. Maza biyu masu ƙarfi ɗaya fitina ce, mata biyu masu haihuwa kuma ninkin matsalar baɗi ne. Wannan ya sa galibi namiji ake zaɓa, mace kuwa sai idan uwar ta tsufa ana son wadda za ta gaje ta. Halitta ma ta sauƙaƙa lissafin: karyar Azawak yawanci sau ɗaya take neman namiji a shekara, saɓanin yawancin karnukan gida da ke yi sau biyu, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka.

Sauran ƴaƴan fa? Idan wani ɗan'uwa ko aboki ya riga ya yi kamu, a ajiye masa nasa, domin a al'ada oska kyautarsa ake yi, ba a kai shi kasuwa. Waɗanda ba su sami mai so ba, kawar da su ake yi tun idonsu bai buɗe ba. Babu amfanin a lulluɓe wannan da kalmomi masu daɗi. Abu ne mai tsanani, kuma wanda zuciyarsa ta ƙi shi bai yi laifi ba. Sai dai ya kamata a dubi abin da ke ɗaya hannun. Uwar da ke shayar da shida da ɗan abincin zango za ta rame ta lalace, ƴaƴan su tashi a tsumbure, bazara ta kashe mafi yawansu a hankali. Uwar da ke shayar da ɗaya takan fitar da ƙaƙƙarfa. Mai zaɓen kuma yana duban ƙashi da ƙafa da kuzari, da irin abin da ya sani game da uwa da uba. Daga baya daji ya yi nasa zaɓen, wanda ya fi na mutum tsanani. Abin da ya tsira daga waɗannan matatai biyu, shekara bayan shekara, shi ne karen da Turawa suka gani suka yi mamaki.

Ba tukunya kaɗai ke da magana a cikin wannan shawara ba, malamai ma suna da tasu. Azawak ƙasar ƙabilun malamai ce, irin su Kel Eglal na yankin Abalak, kuma littafin fiƙihun da almajiri yake karantawa a can shi ne wanda ake karantawa a zaurukan Damagaram da Maraɗi, wato Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 996. Hukuncin da ke ciki ya hana ajiye kare a gida, a birni ko a ƙauye, sai don gona, ko don dabbobin da yake rakawa daji ya dawo da su, ko don farautar neman abinci, ban da ta nishaɗi. Tushensa hadisin nan ne da ya nuna cewa mai riƙe kare ba don ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba, ana rage masa lada kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Abin lura a nan shi ne shari'a ba ta yanka adadi ba. Ba ta ce biyu ba, ba ta ce goma ba. Kowane kare tambaya ɗaya ake yi a kansa: mene ne aikinsa? Wanda yake da garke babba zai iya riƙe biyar ba tare da ya saɓa ba, wanda ba shi da ko akuya kuwa guda ɗaya ya yi masa yawa. A nan fiƙihu da lissafin makiyayi suka haɗu a kan hanya ɗaya.

Mazhabar Imam Malik, wanda ya rasu a 795, tana da sassauci game da kare fiye da yadda mutane da yawa suke zato. A wurinta jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuma bin umarni ne kawai. An hana cinikin karnuka, amma malamai sun saɓa game da wanda aka yarda a riƙe, har an ruwaito cewa Sahnun, wanda ya rasu a 854, yana ganin halal ne a sayar da shi a yi aikin hajji da kuɗin. Wanda kuma ya kashe irin wannan kare sai ya biya ƙimarsa. Masu sharhin Risala sun kawo wani labari mai daɗi game da mawallafin kansa. Katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro a Ƙairawan, sai ya ajiye kare don tsaro. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki mai cizo zai ajiye. Da wannan ne malamai da yawa suka kafa hujjar cewa tsaron gida ma aiki ne da ake riƙe kare dominsa.

Wannan tsari ya daɗe yana tafiya, har ƙarni na 20 ya girgiza ginshiƙansa biyu, wato nono da naman dawa. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙololuwa a 1973, ya share garkuna a duk faɗin Azawak. Iyalan da suka rasa dabbobinsu suka gangaro kudu, wasu suka ƙare a sansanin Lazare na Yamai suna jiran rabon hatsi. Kimanin shekara 10 bayan haka, farin 1984 ya sake maimaita abin, ya kama waɗanda suka fara farfaɗowa. A irin waɗannan shekaru amsar tambayar nan sifiri ce, kuma manyan karnukan ma ba su tsira ba, domin mutumin da ya rasa abin ba ɗansa ba zai ciyar da mai tsaron garken da babu shi ba. Makiyaya da yawa ba su koma daji ba har abada. Suka zauna a gefen garuruwa, wasu suka tafi Libiya da Aljeriya neman aiki.

Naman dawa kuwa bindiga da mota suka gama da shi. Kare yana kama barewa ɗaya bayan dogon gudu, ya kwanta yana haki; mota mai taya huɗu tana bin garke har ya faɗi duka. Mariri, farin naman dawan nan mai dogayen ƙahoni da Abzinawa suke yin garkuwa da fatarsa, wanda saboda irinsa aka keɓe dajin Gadabeji mai hekta 76,000 a 1955, ya ɓace daga Nijar a shekarun 1980, a shekara ta 2000 kuma aka bayyana cewa ya ƙare a dazukan duniya baki ɗaya. Sai a 2016 aka fara mayar da shi daji a ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Jimina ta bi sahu. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa take ɗauke da sunanta, ta zama abin da yawancin masu yi mata tafi a filin wasa ba su taɓa gani da ido ba. Gwamnati ta haramta farauta a farkon shekarun 1970, daga baya dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara ta da sharuɗɗa, amma doka ta fi kama mai kare da sanda fiye da manyan baƙin da ke zuwa da jerin motoci suna neman tuji da barewa. Oska ya rage da zomo, da tsaron dare.

Daidai shekarun da karen yake raguwa a gida ne ya fara tafiya waje. Masu kiwonsa a Turai suna ba da labarin wani jami'in jakadancin tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, Dokta Pecar, wanda ya yi aiki a yankin a farkon shekarun 1970, makiyaya suka ba shi namiji kyauta, daga baya ya samo mace, ya tafi da su gida. A daidai lokacin kuma ma'aikata da sojojin Faransa da suka gama aiki a Mali da Nijar da Haute-Volta, wadda ta zama Burkina Faso a 1984, suka koma da nasu. Faransawa sun riga sun san wani dogon karen farauta na Larabawan Aljeriya mai suna sulugi, wanda Janar Daumas ya bayyana a littafinsa na dawakin Sahara tun 1851, saboda haka da suka ga na Azawak sai suka sa shi cikin wannan aji. Sai a farkon shekarun 1980 tarayyar ƙungiyoyin masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai mazauni a ƙasar Beljik, ta amince cewa iri ne mai zaman kansa, ta ba shi takardar siffa mai lamba 307. An haifi na farko a Amurka a 1987, babbar ƙungiyar masu karnuka ta can, AKC, ta karɓe shi cikakkiyar karɓa a 2019.

Takardar nan ta rubuta cewa asalin karen iyakar Mali da Nijar ne, amma ƙasar da aka damƙa wa kula da siffarsa Faransa ce. Ita ke faɗin yadda Azawak na gaskiya ya kamata ya kasance. An tsara siffar ne bisa ƴan karnukan da suka fara isa Turai, shi ya sa launin da aka yarda da shi ya tsaya daga ruwan rairayi zuwa ja mai duhu, da zane-zanen baƙi ko babu, da ɗan fari a ƙirji da ƙafafu da bakin wutsiya. A zangunan Sahel kuwa ana samun baƙi, da mai ruwan toka, da mai manyan dabbare-dabbaren fari. Kwikwiyon da mai zango zai zaɓa domin ya ga ƙashin gudu a jikinsa, alƙalin gasa a Turai zai iya fitar da shi saboda launi. Ƙungiyar Amurka ba ta bi wannan hanya ba, ta karɓi kowane launi.

A Turai sai tambayar ta juye. Abinci ba matsala ba ne, likitan dabbobi yana kusa, duk ƴaƴan da aka haifa suna rayuwa, a sayar da su da tsada. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jini. Dukan karnukan farko sun fito ne daga tsirarun iyaye, aka yi ta haɗa dangi da dangi. Masana gado sun auna abin: idan aka haɗa wa da ƙanwa, a kowane gurbi na halittar ɗan da aka haifa akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 cewa abin da ya karɓa daga uwa da wanda ya karɓa daga uba kwafi ɗaya ne na kaka ɗaya, idan uba kaɗai suka haɗa, kashi 12 da rabi. Cutar da take ɓoye a jikin kaka ta haka take fitowa fili a jikin jika, kuma masu kiwon Azawak sun yi fama da farfaɗiya a wasu zuriyoyin. A zango wannan bai cika faruwa ba, domin zanguna suna tashi suna sauka, suna haɗuwa a rijiyoyi da wuraren lasar gishiri na Ingal, karya kuma ita ke zaɓen namijinta. Saboda haka mai kiwo a Jamus ko Faransa, da karnuka shida a gidansa, ya sami kansa yana tambayar ko zai ƙara na bakwai, ɗan daji daga Sahel, wanda ba shi da takardar asali, sai alƙali ya duba shi kafin a rubuta shi a rajista. Masu kiwon suka rabu biyu. Wasu suna tsoron baƙon zai ɓata kyan siffar da suka sha wahalar daidaitawa, wasu suna ganin in ba a kawo shi ba irin zai shaƙe kansa. Daga shekarun 1990 wata ƙungiya mai suna ABIS, da aka kafa a Burkina Faso tare da masu kiwo na Turai, ta riƙa shirya tafiye-tafiye zuwa zangunan ƙasashen uku, tana ƙidayar karnuka, tana yi musu allurar rigakafi, tana komawa da ƴan kwikwiyo. Ra'ayi na biyu shi ya fi kusa da gaskiya, ko da yake akwai abin dubawa: kwikwiyon da aka karɓa kyauta ko da ɗan abin goro a bakin tanti, jikokinsa kuɗi masu nauyi ake sayar da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kwarin Azawak ya ba duniya dabbobi biyu masu ɗauke da sunansa, kuma bambancin rabonsu abin tunani ne ga ƙungiyoyin raya al'adu. Saniyar Azawak, wadda ake yabo a duk Afirka ta Yamma saboda nono, ta sami tashar bincike a Tukunus, kusa da Filinge, tun zamanin mulkin mallaka, inda ake zaɓen bijimai ana rubuta zuriya, maƙwabtan ƙasashe suna zuwa saye. Karen da ya kwana yana tsaron wannan saniya dubban shekaru, littafin zuriyarsa a ƙasashen waje yake. Dalilin a fili yake: saniya dukiya ce, kare kuwa a bakin mutanen gari abin zagi ne, ba kowane ma'aikaci zai so a ce shi ne shugaban ofishin karnuka ba.

Rashin tsaro ya ƙara wani nauyin. Harin da aka kai ƙauyukan yankin Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, wanda gwamnati ta ce ya hallaka mutum 137, da tashin hankalin da ya mamaye yankin Menaka a 2022, sun tayar da zanguna masu yawa, suka tura iyalai gefen garuruwa. Karen da ya biyo su ya shiga wata duniya. A bayan gari akwai bola, akwai mahauta, akwai karnukan da ba na kowa ba. Karyar da ta haihu a can ƴaƴanta shida suna iya tashi duka, ba wanda ya tsuguna ya zaɓa, ba kuma wanda ya ɗauki nauyin ko ɗaya. Jinin oska yana narkewa cikin na karnukan gari, yawan karnukan kuma yana ƙaruwa.

Mai gida a Tawa ko Maraɗi da ke da karnuka biyu a bakin ƙofa, aka kawo masa na uku, tsofaffin tambayoyin suna nan a gabansa, na abinci da na aiki da na zaman karnukan da juna, amma an ƙara masa wadda kakansa bai sani ba, ta allura. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan dukansu a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana babu magani. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Ma'aikacin dabbobi kuwa ba ya iya yi wa kare allura sai an riƙe masa shi, kuma kare ba ya tsayawa sai a hannun wanda yake ba shi abinci.